Charlie Roberts: tambayoyi da amsoshi kan kyaftin ɗin da ya fara ɗaga wa Manchester United kofi

Idan gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallo kan wane ne kyaftin ɗin Manchester United da ya fi kowa, sunayen da za ka ji ba sa wuce Roy Keane, Bryan Robson, Vidic, wani lokaci a sako Cantona. Da wuya ka ji wani ya ce Charlie Roberts. Ba laifin kowa ba ne, mutumin ya rasu tun kafin a haifi kakannin yawancin masu gardamar. Amma shi ne ya fara karɓar wa ƙungiyar kofin lig, shi ne ya fara karɓar mata kofin FA, kuma shi ne ya yi wa hukumar ƙwallon Ingila taurin kai a lokacin da ɗan wasa ba shi da bakin magana. Ga tambayoyin da mai son sanin labarinsa zai fi yi.

Wane ne Charlie Roberts, kuma daga ina ya fito?

An haife shi ranar 6 ga Afrilu, 1883, a garin Darlington da ke arewa maso gabashin Ingila, yankin masana'antun ƙarfe da jiragen ƙasa. Ɗan talakawa ne kamar kusan dukkan 'yan ƙwallon haya na zamaninsa. Ya fara fitowa fili a Bishop Auckland, ƙungiyar da ba ta biyan albashi, sannan a 1903 Grimsby Town ta ɗauke shi. Kaka ɗaya kacal ya yi a can manyan ƙungiyoyi suka fara zawarcinsa. A watan Afrilun 1904 Ernest Mangnall, sakataren Manchester United, ya riga kowa kai hannu. Roberts yana da shekara 21 a lokacin.

Wace irin ƙungiya ya tarar?

Ka cire Old Trafford daga zuciyarka tukuna, ba a ma gina shi ba. United tana rukuni na biyu, kuma shekara biyu ke nan da ta tsallake rijiya da baya. A 1902 bashi ya kusa rufe ta tana amsa sunan Newton Heath, sai wani attajiri mai kamfanin giya, John Henry Davies, ya zuba kuɗi, aka sauya mata suna. Filinta yana titin Bank Street a unguwar Clayton, jikin masana'antun haɗa sinadarai. Hayaƙi da wari kan turnuƙe filin, idan damina ta yi nisa kuma ciyawa ta ƙare sai taɓo.

A nan Mangnall ya fara gini, kuma daga tsakiya ya fara. Ya jera mutum uku: Dick Duckworth a dama, Roberts a tsakiya, Alex Bell a hagu. Ba a daɗe ba aka ba Roberts kyaftin. A 1906 suka hau rukuni na ɗaya, a bayan Bristol City. Ka riƙe sunan Bristol City, za mu sake haɗuwa da shi.

To shi ɗan baya ne ko ɗan tsakiya?

Nan ne mutane suke rikicewa, kuma amsar tana buƙatar a ɗan zauna.

Mu a nan idan aka ce wane "lamba biyar" yake bugawa, kowa ya gane: dogon ɗan baya ne da ke tsaye gaban gola, aikinsa ya share ƙwallo da ka, ya hana lamba tara sakat. Gurbin da Roberts ya buga shi ne wanda daga baya aka liƙa wa lamba biyar, amma a zamaninsa aikin gurbin daban ne. Kowace ƙungiya tana jera 'yan wasa ne biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba. Biyun nan na baya su ne masu tsaron gida na ainihi. Na tsakiyar ukun kuwa shi ne ginshiƙin ƙungiya gaba ɗaya: idan abokan hamayya suka kawo hari shi zai tare ɗan gabansu na tsakiya, shi zai tashi sama ya kare da ka, idan ya ƙwace kuma ba dukan kawo-wuƙa zai yi ba, shi zai ɗaga kai ya raba wa 'yan gefe, ya bi bayan 'yan gaba har bakin raga. Wato aikin da yau ake raba wa mutum biyu, lamba biyar da lamba shida, har da ɗan guntun aikin lamba takwas, mutum ɗaya ke ɗauka. Shi ya sa Roberts ya bar United da ƙwallo 23 a wasa kimanin 300, adadin da ba kowane ɗan baya ke kai wa ba.

Abin da ya mayar da gurbin baya shi ne dokar satar gida. Kafin 1925, sai da 'yan hamayya uku tsakanin ɗan gaba da layin raga kafin a ce bai yi satar gida ba. 'Yan baya suka ƙware wajen ɗana tarko, mutum ɗaya ya matso gaba kawai sai alƙali ya busa. Wasa ya zama gundura, aka rage ukun zuwa biyu. Nan take raga ta fara shan wahala: a rukuni na ɗaya an ci ƙwallo 1,192 a kakar 1924/25, a kaka ta gaba aka ci 1,703. Sai Herbert Chapman na Arsenal ya janyo ɗan tsakiyar nan ya dawo da shi tsakanin 'yan baya biyu don ya toshe ɓarakar. Wanda ya fi shahara da wannan sabon aiki a Arsenal sunansa Herbie Roberts, suna ne kawai ya zo ɗaya, kada a haɗa su.

Da aka zo sanya lamba a riga, an bi tsohon jerin ne: gola 1, 'yan baya 2 da 3, 'yan tsakiya 4, 5, 6. Lamba biyar ta koma baya da mai ita, 2 da 3 suka buɗe zuwa gefe. Ka ga asalin abin da muke faɗa a filin unguwa ba tare da mun tambayi dalili ba.

Saboda haka idan littafi ya kira Roberts ɗan baya bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi rabin labarin ba.

Mene ne aikin kyaftin a lokacin? Ba dai jefa kwabo da musabaha ba?

Ya fi na yanzu nauyi nesa ba kusa ba. Babu koci da ke tsaye bakin layi yana ɗaga hannu yana ihu. Mangnall sakatare ne, aikinsa sayen 'yan wasa, lissafin kuɗi, shirya tafiya da kula da lafiyar jikinsu. Da zarar an busa, duk wata dabara a cikin fili ta kyaftin ce. Babu canji kuma, domin sai a 1965 aka fara yarda da canjin ɗan wasa a gasar lig ta Ingila. Idan mutum ya ji rauni a minti na goma, ko dai a tura shi gefe ya riƙa ɗingishi, ko a ƙarasa da mutum goma, kuma kyaftin ne zai sake jera sauran a tsaye a wurin. Ga ƙwallon fata mai ɗinki da igiya, idan ta sha ruwa ta yi nauyi kamar an cika ta da yashi. Gola ma har zuwa 1912 yana da damar taɓa ƙwallo da hannu ko'ina a rabin filinsu.

Waɗanne kofuna ya ci?

Lig sau biyu, 1908 da 1911, da kofin FA a 1909.

Na farkon ya zo ne da taimakon maƙwabta, ba da son ransu ba. An kama Manchester City da biyan 'yan wasanta kuɗi ta bayan fage fiye da ƙa'ida, aka dakatar da 'yan wasa 17. Mangnall ya lallaɓa ya kwashi huɗu daga cikinsu: Billy Meredith, Sandy Turnbull, Jimmy Bannister da Herbert Burgess. Suka fara bugawa ranar 1 ga Janairu, 1907. A kakar da ta biyo baya United ta ɗauki lig da tazarar maki tara, a zamanin da maki biyu ake ba wanda ya ci wasa. A 1908 ɗin ne kuma aka fara gasar Charity Shield, wasan karawa tsakanin zakaru biyu, suka doke Queens Park Rangers da ci 4 da nema a wasa na biyu bayan an yi kunnen doki a na farko.

Wasan ƙarshe na kofin FA an yi shi ne a filin Crystal Palace da ke Landan ranar 24 ga Afrilu, 1909, da Bristol City. Turnbull ya ci ƙwallo ɗaya tilo. Na 1911 kuwa sai ranar ƙarshe aka san gwani: United ta lallasa Sunderland 5 da 1 a sabon filinta na Old Trafford, Aston Villa ta sha kashi a hannun Liverpool, aka ɗauki kofi da tazarar maki ɗaya.

Bayan wannan, United ba ta sake ganin kofin FA ba sai 1948, lig kuma sai 1952. Wani abin mamaki, bayan Roberts ba a sake samun Bature ɗan Ingila da ya ɗaga wa ƙungiyar kofin FA a matsayin kyaftin ba sai Bryan Robson a 1983. Waɗanda suka shiga tsakani, Johnny Carey da Noel Cantwell 'yan Ireland ne, Martin Buchan kuma ɗan Scotland.

Nawa ake biyansa?

Fam huɗu a mako, kuma ko da ya fi kowa iyawa a duniya ba za a ƙara masa sisi ba bisa doka. Tun 1885 aka halatta biyan 'yan ƙwallo a Ingila, amma a 1901 aka sa iyaka: babu ɗan wasan da zai wuce fam huɗu. Kuɗin ya fi na ma'aikacin masana'anta, babu musu. Sai dai ma'aikacin masana'anta yana iya barin wannan kamfani ya koma wancan. Ɗan ƙwallo ba ya iyawa. Da zarar ƙungiya ta yi masa rajista, ko kwantiraginsa ya ƙare tana riƙe da takardarsa, ba zai buga wa kowa ba sai ta yarda ta sayar da shi. A 1905 Middlesbrough ta sayi Alf Common daga Sunderland a kan fam 1,000, karo na farko da aka kai wannan adadi, amma shi Common albashinsa na nan cikin iyakar da aka sa wa kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa?

Shi da Billy Meredith ne kan gaba. An taɓa kafa wata a 1898 ta mutu cikin 'yan shekaru. Abin da ya sake tayar da maganar har da mutuwar abokin wasansu Tommy Blackstock, wanda ya faɗi a fili a watan Afrilun 1907 bayan ya sa wa ƙwallo kai a wasan 'yan benci, bai sake tashi ba. Yadda aka yi da haƙƙin iyalinsa ya ɓata wa 'yan wasan rai ƙwarai. Kowa ya ga cewa idan ƙafarka ta karye ko ranka ya fita a fili, babu wanda zai tsaya wa 'ya'yanka.

Ranar 2 ga Disamba, 1907, aka taru a otal ɗin Imperial da ke Manchester, Meredith ya jagoranci zaman, aka kafa ƙungiyar. Ita ce wadda a yau ake kira PFA, mai ba da kyautar gwarzon ɗan wasa ta shekara da muke gardama a kanta kowace kaka.

Me ya faru a 1909 har aka kira su korarru?

Da farko hukumar FA, wato hukumar ƙwallon Ingila, ta amince da ƙungiyar, tana ganin ai taron taimakon marayu da zawarawa ne. Da ta ga sun fara ɗaukar lauya suna kai ƙarar ƙungiyoyi kotu kan diyyar rauni, suna kuma shirin shiga babbar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, sai ido ya raina fata. Ta janye amincewarta, ta ce kowane ɗan wasa ya fita daga ƙungiyar ko a soke rajistarsa. Yawancin 'yan wasan Ingila suka sa hannu suka fita. Ba za ka zarge su ba, masu iyali ne, kuma babu wata sana'ar da za ta ba su fam huɗu.

'Yan United, waɗanda watanni kaɗan da suka wuce suka ɗauko kofin FA, suka ce ba za su fita ba. Aka dakatar da su, aka tsayar da albashinsu na hutun bazara, aka hana su shiga filin ƙungiyar. Roberts ya fi kowa abin asara. A lokacin, ɗan wasan da ya daɗe yana bauta wa ƙungiya akan ware masa wasa guda a ba shi kuɗin ƙofa, shi ne fanshonsa. Nasa wasan yana tafe, da alkawarin fam 500, albashin fiye da shekara biyu ke nan. Yana sane da cewa idan dakatarwar ta tabbata, wannan kuɗi ya bi ruwa. Bai janye ba.

Suka koma yin atisaye da kansu a wani fili a unguwar Fallowfield. Wata rana mai ɗaukar hoto na jarida ya zo, Roberts ya samo allo aka rubuta "The Outcasts F.C." a jiki, ma'ana ƙungiyar korarru, suka jeru a bayansa aka ɗauka. Hoton yana nan har yau, kuma shi ne ya juya akalar rigimar, domin jama'ar gari sun ga zakarun kofin FA an mayar da su 'yan gudun hijira a garinsu. Tim Coleman na Everton ya zo ya shiga sahunsu, 'yan wasa a Newcastle, Sunderland, Middlesbrough da wasu wurare suka fara dawowa ƙungiyar. Hukuma ta hango kaka za ta buɗe babu masu bugawa. Ana gobe za a fara, a ƙarshen watan Agusta, aka sasanta: an ɗage dakatarwa, an biya bashin albashi, an amince ƙungiyar ta ci gaba da rayuwa.

Ke nan sun yi nasara?

Rabi da rabi, kuma a ganina rabin da suka rasa ya fi girma. Ƙungiyar ta tsira, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da aka kaɗa ƙuri'a daga baya, 'yan wasan da kansu suka zaɓi kada a shiga haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon, abin da ya ƙona wa Roberts da Meredith rai. Iyakar albashi tana nan, riƙe takardar ɗan wasa yana nan. A 1912 ƙungiyar ta tsaya wa Herbert Kingaby a ƙarar da ya kai Aston Villa kan wannan riƙon, aka kayar da su a kotu, kuɗin shari'a ya kusa durƙusar da ita.

Sai a watan Janairun 1961, ƙarƙashin Jimmy Hill, shugaban ƙungiyar 'yan wasan a lokacin, aka cire iyakar albashi, lokacin tana fam 20. Nan da nan Fulham ta mayar da Johnny Haynes fam 100 a mako. A 1963 George Eastham ya yi nasara a kotu kan Newcastle United game da riƙe takarda. Cikakken 'yancin tafiya bayan ƙarewar kwantiragi kuwa sai hukuncin da kotun Turai ta yanke a 1995 a ƙarar ɗan wasa Bosman.

In dai ya iya haka, me ya sa sau uku kacal ya buga wa Ingila?

Sau ukun duk a 1905 ne, da Ireland, Wales da Scotland, yana ɗan shekara 21. Daga nan ba a sake kiransa ba, duk da cewa shekarun da ya fi ƙwarewa suna gaba. Masu kare hukuma za su ce ai akwai Billy Wedlock na Bristol City, gajere mai ƙarfin tsiya, wanda ya riƙe gurbin ya buga wa Ingila wasa 26. Gaskiya ne Wedlock gwani ne. Amma ka tuna wa ke zaɓen 'yan wasan ƙasa a lokacin: kwamitin hukumar FA, wato mutanen da Roberts yake ja-in-ja da su. Hukumar gasar lig, wadda take da nata zaɓaɓɓun, ta ci gaba da kiransa har sau tara. Mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, wani kwamiti yana ganinsa, wani ba ya gani. Ni dai ban ga yadda za a raba wannan da rigimar ƙungiya ba.

A wasan ƙarshe na 1909 su biyun suka fuskanci juna, Roberts da Wedlock, kuma Roberts ne ya tafi gida da kofi.

Gaskiya ne har kan wando an yi rigima da shi?

Gaskiya ne. Manyan hukuma suna son wandon ɗan wasa ya rufe gwiwa, shi kuwa ya fi son gajere don ya sake ya yi gudu, kuma haka ya riƙa sawa. Ƙaramin abu ne, amma irinsa ne manya ba sa mantawa.

Mece ce alaƙarsa da Italiya, alhali bai taɓa bugawa a can ba?

Wani saurayi ɗan Italiya mai suna Vittorio Pozzo ya zauna a Ingila a farkon ƙarnin, ya kamu da son Manchester United, musamman yadda Roberts ke tare hari ya kuma ƙaddamar da nasa. Ya koma gida da wannan hoto a kansa. Da ya zama kocin Italiya, lokacin da Ingila ta riga ta mayar da lamba biyar mai gadi zalla, Pozzo ya ƙi bin wannan hanya, ya nemi ɗan tsakiya irin Roberts, ya same shi a jikin Luis Monti, haifaffen Ajantina. Italiya ta ɗauki kofin duniya a 1934 da Monti a wannan gurbi, ta sake ɗauka a 1938 da Michele Andreolo. Pozzo ne koci na farko da ya ci kofin duniya sau biyu.

Me ya raba shi da United?

Ƙungiyar ce ta fara watsewa. Ginin Old Trafford, wanda aka buɗe a watan Fabrairun 1910, ya ci kuɗi mai yawa. A 1912 Mangnall ya tsallaka Manchester City. A 1913 aka sayar da Roberts ga Oldham Athletic yana da shekara 30, ana ganin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ashe da saura. Oldham ta ba shi kyaftin, ta ƙare ta huɗu a kakarsa ta farko, a ta biyu kuma, 1914/15, ta zo ta biyu, maki ɗaya tak tsakaninta da Everton. Oldham ba ta taɓa kai wannan matsayi ba kafin nan, ba ta kuma sake kai wa ba. Daga nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da gasar, kuma kafin a dawo rauni da shekaru sun raba shi da fili. Abokinsa Sandy Turnbull, wanda ya ci ƙwallon kofin FA, ya mutu a fagen daga a Arras ta Faransa a 1917.

Me ya yi bayan ya rataye takalmi?

Bai saki ƙungiyar 'yan wasa ba, shi ya shugabance ta bayan yaƙi, a lokacin da aka ɗaga iyakar albashi zuwa fam tara a 1920. Ya karɓi aikin horar da Oldham a 1921, bai kai shekara biyu ba ya ajiye a ƙarshen 1922. Abin da ya riƙe shi shi ne kasuwancin taba da ya kafa a Manchester tun yana wasa, wanda ya bunƙasa ya zama na sari. Har wata sigari ya fitar mai suna Ducrobel, sunan da aka harhaɗa daga Duckworth, Roberts da Bell, mutum ukun nan da Mangnall ya jera a taɓon Clayton.

Ya rasu a asibiti a Manchester ranar 7 ga Agusta, 1939, bayan an yi masa tiyata a ka, yana da shekara 56. A watan ne aka fara tilasta sanya lamba a bayan riga a gasar lig ta Ingila, don haka shi kansa bai taɓa sanya lamba biyar ɗin ba.